Harajin da muke gani da wanda ba mu gani

Tsayar da magidanci a bakin babbar kasuwar Tawa ka tambaye shi nawa ya biya gwamnati haraji bana. Ɗayan biyu zai ce maka: ko ya ba mai gari na lanho, wato harajin kai, tun da kaka, ko kuma shi ba ma'aikaci ba ne, ba shi da kanti, saboda haka haraji bai shafe shi ba. Da zuciya ɗaya yake faɗa, amma lissafin bai cika ba. Mutumin nan ya sa kati a waya, ya zuba mai a babur, ya sai wa uwargida turmin atamfa da sallah, ya biya kuɗin wuta, ya sayi sabulu da batir da kwanon rufi. A cikin kowane ɗaya akwai rabon gwamnati, an riga an cusa shi cikin farashi tun kafin kayan su iso hannunsa. Idan aka tara na shekara guda, abin da ya ba mai gari bai taka kara ya karya ba.

Harajin da ke ɓata mana rai shi ne wanda ake miƙo hannu a karɓa muna kallo, kuma shi ne ƙarami. Babban, wanda ke ɗauke da albashi da sojoji da biyan bashi, shiru yake fita daga aljihu, shi ya sa da wuya ka ji wani ya tambayi inda ya tafi.

Haraji kuɗi ne da hukuma ke karɓa bisa doka, a kan dole, ba tare da ta ba ka wani abu hannu da hannu ba. Da waɗannan sharuɗɗa ake rarrabe shi da ƴan uwansa. Kuɗin da direba ke biya a shingen hanya ya karɓi tike ladan bin kwalta ne, wanda bai hau hanyar ba ba ya biya, kuma an ware shi don asusun gyaran hanyoyi. Tara hukunci ce ga mai laifi. Abin da ake dunƙulewa a miƙa ta tagar mota babu takarda kuwa, kowa ya san sunansa, kuma ko dala ɗaya daga ciki ba ta isa baitulmali. Zakka ma daban take. Ibada ce mai nisabi da ƙayyadadden kaso, 1 cikin 40 na dukiya, 1 cikin 10 na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, kuma Suratut Tauba ta lissafa rukuni 8 na waɗanda ake ba. Mafi yawan malamai ba su yarda a shimfiɗa hanya ko a biya albashin likita da ita ba, don haka wanda ya ce ya fitar da zakka ya gama da gwamnati, ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba.

Sharaɗin doka shi ne jigo, kuma mu ƴan jihar nan mun ga abin da ke faruwa idan babu shi. A arewa wajen Tiliya, da kuma can Tilaberi, ƴan bindiga sun yi shekaru suna ƙwatar dabbobi da kuɗi daga makiyaya suna kiran abin zakka. Dole kam akwai, amma babu doka, babu takarda, babu inda za ka kai ƙara. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya a yini guda. Wurin da gwamnati ta kasa kaiwa ba ya zama babu mai karɓa, wani ne ke maye gurbin da bindiga.

Ƙin haraji a ƙasar nan ta Nijar yana da asali, kuma ba na ganin laifin kakanninmu. Tun kafin zuwan Turawa sarakunan Hausa na karɓar kuɗin ƙasa daga manoma, jangali daga masu shanu, kuɗin karofi daga marina, fito daga fatake. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla a littafinsa Kitabul Farƙ cikin abubuwan da yake tuhumar sarakunan zamaninsa da su, domin shari'a ba ta ɗora wa mutane su ba. Bayan jihadin ma jangali bai mutu ba.

Faransawa da suka zo sai suka kafa harajin kai: kowane baligi zai biya, ya noma ko bai noma ba. Daga baya suka ƙi karɓar wuri da hatsi, sai dai kuɗinsu. Wannan sharaɗi ya juya rayuwar Adar, yankinmu na Tawa, fiye da yadda muke zato. Manomi na da rumbu cike amma ba shi da tamma, dole ya sayar da hatsi da kaka lokacin da tiya ta fi araha, ko ya kai akuya kasuwa, ko ya tura ɗansa ci-rani ya nemo. Tafiyar ƴan Adar zuwa Kano da Ikko da Kumasi da Abijan na da dalilai da yawa, fari da ƙarancin ƙasar noma na ciki, amma neman kuɗin lanho na cikin waɗanda suka fara buɗe hanyar. Ga aikin tilas a kai, wanda ba a soke ba sai a 1946. A yunwar 1931, wadda ta fi tsanani a yammacin ƙasar, an ci gaba da karɓar haraji mutane na mutuwa, ƙauyuka suka watse, wasu suka tsallaka ƙasar Ingilishi. Mai gari kuwa yana tsaka mai wuya: in bai cika adadi ba kumandan ya ci mutuncinsa, in ya cika talakawansa su riƙe shi a zuci.

An sami ƴanci a 1960, tuta ta sake, lanho na nan, yana cikin manyan hanyoyin da gwamnatin Diori Hamani ke samun kuɗi daga karkara. Sai farin 1973 da 1974 ya gama da dabbobi, sojoji suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, a daidai lokacin da farashin uranium ya yi tashin gwauron zabo. Da kuɗin uranium na Arlit a hannu, Seyni Kountché ya soke harajin kai na gwamnatin tsakiya kafin shekarun 1970 su ƙare, aka bar ɗan abin da hukumomin ƙasa-ƙasa ke karɓa. Tsofaffi har gobe suna sa masa albarka a kan wannan, kuma sun yi gaskiya. Sai dai akwai abin da ya biyo baya da ba a cika faɗa ba. Gwamnatin da ke samun kuɗinta daga ramin ma'adinai a hamada da hannun ƙasashen waje ba ta da buƙatar lallashin manomi, shi ma manomin ya daina jin cewa yana bin ta bashin bayani. Da kuɗin uranium aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, aka gina otal ɗin Gaweye da manyan benayen Yamai. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai ga ƙasar a ƙofar asusun lamuni na duniya a 1983, a shekarun 1990 kuma ma'aikata suka yi ta ƙirga watannin da ba a biya su ba.

Ragowar wancan lanho shi ne abin da ƙananan hukumomi ke karɓa yau. Tun zaɓen 2004 da ya kafa komin 265, kowace da magajin gari da kansiloli, doka ta bar musu wasu ƙananan hanyoyin samun kuɗi: harajin kai na shekara, wanda a yawancin karkara sefa 700 ne a kan baligi, da tiken kasuwa, da kuɗin tasha, da na kwata, da abin da ake biya a kan dabbar da aka shigo da ita kara da wadda aka sayar. Mai gari ke tara na kai, a rubuta a katin iyali, shi kuma a ba shi wani kaso ladan wahala. Katin nan ya sha kama masu wayo. Magidanci mai mutum goma sai ya rubuta huɗu don lanho ya yi sauƙi. Shekarar da aka yi fari aka zo rabon hatsin agaji, da katin ake rabo, sai ya tashi da na mutum huɗu. An ga haka da yawa a yunwar 2005.

Je ka wata kasuwar mako da hantsi ka tsaya kusa da masu kayan miya. Mai tike zai zo da ɗan littafinsa, yana bi layi-layi.

"Inna, ina kwana? A kawo na tike."

"Haba ɗana, ko dala ban kama ba tun safe. Ka zagayo."

"Inna, wancan mako ma haka kika ce."

Ta kwance bakin zane ta ƙirgo dala biyar maimakon goma ta miƙa. Ya karɓa, bai yage tike ba, ya wuce gaba. Ita ta ji ta yi riba, shi ya samu na goro, littafin kuma zai koma ofis yana shaida cewa tsohuwar ba ta zo kasuwa ba ran nan. Ba duk masu tike ne haka ba, kuma da yawansu ba su da albashi, kaso ake ba su cikin abin da suka tara. Amma a ninka dala goman nan da yawan rumfuna, a ninka da makonnin shekara, a haɗa da kara inda kuɗin ya fi kauri, za a gane me ya sa magajin gari ke cewa ba shi da kuɗin kwashe shara, ƴan kasuwa kuma na cewa ba za su biya ba tunda ba a kwashe shara. Shekara da shekaru ana nan ana kallon juna.

Manyan kuɗin kuwa hukumomi biyu ke tara su: hukumar haraji ta DGI a cikin gida, da duwan, wato kwastan, a kan iyaka.

Mafi faɗi a cikinsu shi ne TVA, kashi 19 cikin 100 a kan kayan da ka saya ko aikin da aka yi maka. Tafiyarsa na da ɗan wayo. A ce babban ɗan kasuwa ya sayi kaya na jika 100, wato sefa 100,000, a masana'anta. Zai biya jika 119, 19 ɗin na gwamnati ne. Ya kawo Tawa ya sa ribarsa, farashi ya zama jika 120, dole ya ɗora kashi 19 a kai, wato sefa 22,800, mai saye ya biya 142,800. Cikin 22,800 da ya karɓa zai cire 19,000 da ya riga ya biya, ya kai wa DGI 3,800. Ka lura ɗan kasuwar bai yi asarar ko tamma ba, ya karɓo ne ya miƙa. Mai ɗaukar nauyin duka shi ne na ƙarshe, wanda ya sayi kayan don ya yi amfani da su, shi kam ba shi da wanda zai ɗora wa.

Kashi 19 ɗaya ne ga kowa a takarda, amma zafinsa ba ɗaya ba ne. Mai samun jika 40 a wata yana cinye su kafin wata ya mutu, duk abin da ya saya na kanti da haraji a ciki. Mai samun miliyan biyu yana kashe wani ɓangare, ya ajiye saura ko ya sayi fili. Gwargwadon samu, talaka ya fi biya. Don a rage wannan ne aka keɓe wasu abubuwa, irin hatsin gida da magunguna, ba a ɗora musu.

Sau biyu a ƙarnin nan ɓoyayyen haraji ya fito fili, kuma sau biyun gari ya ɗauki zafi. A farkon 2005, zamanin Tandja Mamadou da firaminista Hama Amadou, dokar kasafi ta faɗaɗa TVA zuwa madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta. Farashi ya tashi dare ɗaya. Ƙawancen ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ya cika titunan Yamai a watan Maris, aka rufe kasuwanni a manyan birane, aka kama jagorori, cikinsu da Nouhou Arzika, kafin Afrilu ya ƙare gwamnati ta janye na madara da fulawa ta sassauta na ruwa da wuta. Kasafin 2018 ya sake tayar da ƙura: sababbin haraji a kan jama'a, har da na zama a gida, a daidai lokacin da aka yafe wa kamfanonin waya harajin kiran da ke shigowa daga ƙetare. An yi watanni ana zanga-zanga, ranar 25 ga Maris 2018 aka kama Arzika da Moussa Tchangari da Ali Idrissa, suka yi wata huɗu a tsare. Harajin wayar dai an mayar da shi a kasafin 2019. A duka biyun ƙari ne ya fito da mutane. Kashi 19 da aka daɗe ana biya a kan sabulu da siminti bai taɓa fito da kowa titi ba, kuma ba a taɓa yin gangami don a ji abin da aka yi da shi ba.

Duwan na karɓa ne bisa jadawalin bai-ɗaya da ƙasashen yankin suka fara aiki da shi a 2015, mai mataki biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100, gwargwadon irin kaya. Bayan an ɗora wannan sai a lissafa TVA a kan jimlar, wato har shi kuɗin duwan ɗin ana biya masa haraji. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, a watan Maris kuma ƙasashen ƙawancen AES uku, Nijar da Mali da Burkina, suka ƙara nasu rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan ƙetare don tafiyar da ƙawancen. Akwai kuma wata hanya da mu ƴan kusa da Ƙonni muka fi kowa sani. Shekaru da dama shinkafa da taba da gwanjo da yadi na sauka Kwatano, su shigo ta Gaya, su biya Nijar harajin wucewa, sannan su tsallaka Najeriya inda aka hana su ko aka tsawwala musu kuɗi. Baitulmali ya ci wannan moriya sosai, amma kuɗi ne da ke rataye da shawarar wata gwamnati. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Ƙonni da Maraɗi sun ji a jikinsu, asusun ƙasa ma ya ji. Tun 2023 kuma da aka toshe gadar Gaya, kaya na zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja, kuma kuɗin wannan zagaye ma mai saye na ƙarshe ke biya.

Wanda ba shi da wurin ɓuya shi ne mai albashi. Malamin makaranta da nas da ma'aikacin banki, tun kafin kuɗin su shigo hannu an cire na ITS, harajin albashi, daga kashi 1 a kan mataki na ƙasa har zuwa 35 a kan na sama, bisa tsarin da aka daɗe ana aiki da shi. Kamfanin da ke da rijista da lambar haraji ta NIF na biyan kashi 30 na ribarsa. Ƙananan masu sana'a, tela da makaniki da mai kanti, ana yanka musu kuɗi guda a shekara gwargwadon girman aiki, shi ne har yau muke kira fatanti. Matsalar na tsakiya. Akwai Alhazan da ke sauke tirela-tirela na kaya, ba su da littafin lissafi ko kuma suna da biyu, a takarda kuwa ƙananan ƴan kasuwa ne. Don a toshe wannan ne aka shigo da rasit mai shaida a 2021, wanda na'ura ke bugawa ta aika wa DGI labarin cinikin nan take. Ƴan kasuwa sun yi ta ƙorafi, wasu ƙorafin na da tushe, kamar tsadar na'ura da rashin wuta da intanet. Amma ni a ganina babban abin da ya dame wasu shi ne a san adadin cinikinsu.

Sai kuma yafiya. Doka da yarjejeniyoyi na yafe wa kamfanonin ma'adinai da masu zuba jari da ayyukan agaji haraji iri-iri, wani da hujja, wani da sanayya. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kason gwamnati a kan uranium zai tashi daga kashi 5.5 zuwa 9 ko 12 gwargwadon riba, amma kamfanin Areva na Faransa ya ci gaba da tafiya a kan tsohuwar yarjejeniya har sai da aka yi doguwar ja-in-ja aka sa hannu a watan Mayun 2014. A wannan yarjejeniya ne ya yi alkawarin yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit. Duk sefa ɗaya da aka yafe wa babba, ko dai a nemo ta wajen ƙarami, ko a ciwo bashi, ko a fasa wani aiki. Idan ana neman inda gibin haraji yake a Nijar, nan ya kamata a fara dubawa kafin a je kan mai tebur.

To, ina kuɗin ke zuwa? Ƙa'idar ita ce duk abin da DGI da duwan suka tara ya shiga baitulmali guda. Kamar rumbun gandu ne: da zarar an zuba damman gonaki daban-daban, ba mai iya cewa wannan zangarniya daga gona kaza ta fito. Saboda haka TVA da aka karɓa a Tawa ba lalle a Tawa za a kashe ta ba, kuma harajin mota na shekara ba shi ne zai like ramin ƙofar gidanka ba. Ƴan kaɗan ne aka ware wa wani aiki tun daga tushe, kamar kuɗin gidan rediyo da talabijin na ƙasa da ke cikin takardar wuta. Abin da ke raba sauran shi ne dokar kasafi, wadda ke aiki daga Janairu zuwa Disamba. Da majalisar dokoki ke muhawara a kai ta amince, tun Yulin 2023 kuwa da umarnin shugaban ƙasa ake fitar da ita.

A aikace akwai masu ci kafin kowa. Albashi na fita duk wata. Bashi da ruwansa na da ranar biya, in aka saɓa masu ba da rance su tsawwala na gaba. Tsaro ya ƙara cin kaso tun da yaƙi ya kunno kai a Difa da Tilaberi da arewacin Tawa. Abin da ya rage shi ake raba wa azuzuwa da asibitoci da rijiyoyi da hanyoyi, kuma da yawan waɗannan da kuɗin waje ake yin su, shi ya sa kusan kowane famfo a ƙauye ke da allo mai tutar wata ƙasa. Haraji na da wani aikin kuma ban da tara kuɗi: ana tsawwala shi a kan taba da giya don a rage sha, a kan wasu kayan ƙetare don a kare na gida.

Gaskiya mai ɗaci ita ce ko da ba a saci ko dala ba, kuɗin ba su isa. Ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta gindaya wa ƙasashenta su tara harajin da ya kai kashi 20 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara. Nijar na wajen kashi 10, domin mafi yawan arzikin na gona da garke da ƙananan sana'o'in da ba a rubuce suke ba. A ɗaya gefen kuma masu buƙata na ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17, yau an haura 25, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Kowace damina ta wuce sai an buɗe sababbin azuzuwa, da babu kuɗin bulo sai a kafa na zana. A irinsu ne gobara ta kashe yara kusan 20 a Yamai a Afrilun 2021, ta sake kashe fiye da haka a Maraɗi a Nuwamban shekarar. Haka maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa da aka ayyana a 2005 da 2006: asibiti zai yi aiki ya aika wa gwamnati lissafi, biyan ya yi ta jinkiri, ma'ajin magani ya bushe, uwa ta fito da takarda a hannu ta nufi kantin magani. A doka kyauta ne, a aljihu ta biya.

Abin da ke cike gibin shi ne tallafi da bashi, kuma 2023 ta nuna girman wannan dogaro. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin da ya biyo baya, masu ba da tallafi suka ɗaga hannu, a watan Oktoba aka zabge kasafin shekarar da kashi 40 cikin 100, daga sefa biliyan 3,291 zuwa biliyan 1,981. A watan ne kuma aka kafa asusun haɗin kai na ceton ƙasa, FSSP, wanda ke karɓar gudummawar sa-kai yana kuma cirar dala biyu-biyu a kan harkar waya da tikitin mota. Ɓangaren da ake cira ko kana so ko ba ka so, haraji ne ko da wane suna aka kira shi. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake karanto sunayen masu bayarwa da jimlar abin da aka tara a talabijin. Wannan ya nuna ana iya faɗa wa jama'a lissafi idan an ga dama, kuma ban ga abin da zai hana a yi wa TVA da kuɗin duwan haka ba, shiga da fita.

Rashin isa bai wanke sata ba. Binciken da aka yi wa ma'aikatar tsaro a 2020 ya yi maganar sefa biliyan 76 da suka salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a shekarun da sojoji ke mutuwa a fagen daga. Akwai kotun binciken kuɗin gwamnati da ke fitar da rahoto, an yi hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA, a 2023 aka kafa COLDEFF mai farautar masu cin dukiyar ƙasa. Rahotannin da Faransanci suke, masu kauri, a ƙasar da mafi yawan masu biyan harajin ba sa karanta Faransanci. A matakin komin ma doka ta sa zaman kansiloli a buɗe yake ga kowa, amma mu nawa muka taɓa zuwa muka zauna ranar da ake karanta kasafi? A Afrilun 2024 an rushe majalisun, aka naɗa jami'an da za su riƙe su, ƙofar tambaya ta ƙara ƙunci.

Yanzu ido ya koma kan man fetur. Matatar Damagaram na aiki tun 2011, bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024, kuma a Afrilun shekarar kamfanin CNPC na Sin ya ba gwamnati dalar Amurka miliyan 400 a matsayin kafin alƙalami, a biya da man da za a haƙo. Kuɗi ne da ke shigowa ba tare da an ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, irin na Arlit a shekarun 1970, kuma tsorona kada a maimaita abin da aka yi wancan karo, a saki aikin gyara haraji har sai farashi ya faɗi. Doka ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da na mai a mayar wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su, kuma magadan garin Agadas da Difa sun yi shekaru suna kukan ba ya isowa a kan lokaci. Mu a Tawa muna jin wannan kamar labarin wasu, alhali gawayin Salkadamna na kwance a ƙarƙashin ƙasarmu ana ta shirin haƙarsa.